Tsatsa Ce Kawai, Amma Ta Gagare Mu

Na gaji da ƙarar nan. Ka san wadda nake nufi, don kai ma ta sha fasa maka dodon kunne. Ana tsakiyar biki a Jega, fili ya cika, mai jita ya rataya kayansa ya kai hannu kan tsirkiya, sai lasifika ta ɓarke da ƙarrr, ƙarrr, ta ɗora da gurnani, yara su toshe kunne, tsofaffi su tsuke fuska, sannan tsit. Ana salla a Maiyama, masallaci ya cika har waje, muryar liman ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa, na sahun baya su rasa ko an yi ruku'u ko ana tsaye. Taron ɗalibai a Aliero ma haka. Kuma duk inda abin ya faru sai ka ga wani yaro ya taho a guje, ya durƙusa gaban amfilifaya, ya kama kan waya yana murzawa, yana hura masa iska, yana goga shi a riga, wani har lasa yake da harshe, daga ƙarshe ya tokare shi da tsinken ashana ya koma gefe yana fatan kada kowa ya taɓa. Shekara da shekaru muna kallon wannan abu har mun ɗauke shi ƙaddara. Wace ƙaddara? Tsatsa ce, da ha'inci, da ganganci.

Abin da ke jawo mafi yawan wannan abin kunya wani ɗan ƙarfe ne da tsawonsa bai kai yatsa ba. Masu gyara jak suke ce masa: ramin da ke jikin jita ko amfilifaya, da kan wayar da ake cusawa a ciki. Kaurinsa milimita 6.35, wato rubu'in inci. Ba yau aka ƙirƙiro shi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ma'aikatan gidan tarho a Amurka ke cusa irinsa a allo don haɗa mai kira da wanda ake kira. Da kamfanin Fender ya fito da jitar Telecaster a farkon shekarun 1950, Gibson ya fito da Les Paul a 1952, Fender ya ƙara da Stratocaster a 1954, duk wannan jak ɗin suka sa, kuma har gobe shi ake sawa. Me ke cikinsa? Wurin haɗuwa biyu: tsinin kai da ke ɗauke da sauti, da gangar jikin da ke zama wayar ƙasa. Waya biyu, ɗigon dalma biyu, noti ɗaya. Iyakarsa ke nan. Abin da duniya ta shekara sama da 100 tana amfani da shi lafiya lau, shi ya zame mana ƙarfen ƙafa.

Na san za ka ce masu jita nawa ne a ƙasar nan tamu har da za a ɓata takarda a kansu. Ba su da yawa, gaskiyarka. Akwai ɗalibai a Aliero, akwai masu kiɗan coci, akwai Buzaye da Zabarmawa da kan ƙetaro daga Nijar lokacin bukukuwa, akwai samarin situdiyo. To amma ramin da ke jikin jita shi ne a bayan fiyanon da ake haɗa waƙoƙin da kake ji a waya, shi ne a gaban amfilifayar masallacin unguwarku, shi ne a akwatin mai tallan magani ranar kasuwa, shi mai gurmi da mai kukuma ke cusa wa wayar ɗan makirufon da suka manna a jikin ƙwarya. Ƙanensa mai milimita 3.5 ma yana aljihunka in wayarka na da ramin abin sauraro. Saboda haka kada ka ce babu ruwanka. Jita dai ta fi kowa shan wuya, shi ya sa zan fi tsayawa a kanta.

Ga dalili. Jitar lantarki ba wutar gida take sha ba. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiya ta girgiza, sai a samu 'yar wuta kaɗan, wadda sau da yawa ko bolt ɗaya ba ta kai ba, kuma ita ce za ta bi jak, ta bi waya, ta isa amfilifaya a mayar da ita sauti. Wutar gida bolt 230 ce, in ta tarar da ɗan datti a soket sai ta ratsa shi ta wuce abinta. Wannan 'yar wutar ba ta da wannan ƙarfin. Dattin da idonka ba ya ma gani ya isa ya tare mata hanya. Ta wuce nan, ta maƙale can, amfilifaya kuwa ba ta san sauti ba, ba ta san tangarɗa ba, duk abin da aka ba ta ninkawa take yi ta watsa wa unguwa. Ƙarar da kake ji ke nan.

Ga kuma irin ƙasar da Allah ya ajiye mu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na ɗura ƙura a kowane rami. Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40, makaɗi na ta zufa, zufar nan da gishiri a cikinta, tana bin hannu ta gangara jikin jita ta taru a jak, don yawanci a gefen ƙasa yake. Sai damina ta kankama, Agusta ta zo, laima ta cika ɗakuna, balle mu da ke bakin Gulbin Zamfara da fadamunsa. Ƙura ta sha laima, gishiri ya narke a ciki, ƙarfe ya fara ciwuwa. In baƙin ƙarfe ne ya yi jar tsatsa, in tagulla ce ta yi kore. Wannan kam ba laifin kowa ba ne, kuma ba mu kaɗai ke fama da shi ba, makaɗan Legas da Fatakwal laimarsu ta fi tamu, ga gishirin teku a iska. Namu laifin daga kasuwa yake farawa.

Jak na kirki tagulla ce a ciki, an rufe ta da nikel, harshensa mai tauri ne da ke danne kan waya ya riƙe gam. Kamfanoni irin su Switchcraft na Amurka da Neutrik na Turai a kan haka suka yi suna, kuma kuɗin guda bai wuce 'yan daloli ba. Wanda ke zube a tire a kasuwanninmu fa? Gwangwani ne aka wanke da ruwan ƙyalli. A leda sai walƙiya yake. Damina ɗaya ta ishe shi ya yi ja, harshen ya saki, waya ta riƙa lilo a ciki. Ita ma wayar haka: ka fere roba ka ga ja, ka ɗauka jan ƙarfe ne, ka kankare da reza sai fari ya bayyana, ashe alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ba ya kama dalma yadda ya kamata, ka lanƙwasa shi kaɗan ya karye. Ka ɗaga ka tambayi mai shago, "Alhaji, wanga na da kyau kuwa?" Ya dube ka ido cikin ido ya ce, "Wallahi orijina na, yallaɓai, da hannuna na ɗauko shi kasuwar Alaba." Da rantsuwa fa! A kan abin da kuɗinsa bai kai na litar fetur ba mutum zai kira sunan Allah bisa ƙarya, kuma da an kira salla ya riga kowa sahun gaba, ya tsaya ƙarƙashin lasifikar da kayansa suka sa take tari. Wannan shi ke ƙona mini rai.

Jega fa gari ne da kasuwa ta raya. Kusan shekara 200 ke nan, tun zamanin Buhari ɗan Abdussalami, fatake ke sauke kaya a nan, kuma abin da ke riƙe fatake amana ce. Yau mun wayi gari ba ka iya sayen ɗan ƙarfe guda ka kwana da tabbacin abin da ka saya. Ƙasar nan na da hukumar kula da ingancin kaya, SON, tun 1971. Ina fatan ganin ranar da za a tsaya a kan tiren masu kayan lantarki na ƙananan garuruwa a fere waya a gaban jama'a, a ga abin da ke ciki, a bi sawunta har wurin wanda ya shigo da ita da kwantena. Shi ne babban mai laifi, don shi ya je masana'anta ya ce a rage masa inganci a bar masa ƙyalli.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saye fa? Mai shago mai tsoron Allah ya kawo nagari, ya faɗi kuɗinsa, muka ce ya cika tsada, muka tsallaka wurin maƙwabcinsa muka kwashi na banza. Ya ga kayansa na kwana suna tashi a kanta, shi ma ya koma gwangwani. Na san halin da aljihu ke ciki, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 naira ta zube, duk abin da ke shigowa daga waje ya ninninka. Ban raina talaucin kowa ba. Amma mutumin da ya iya tara kuɗin jita, ya tara na amfilifaya, ya tara na janareta, sai a kan jak zai tsaya ciniki har jijiyar wuya? Ya sayi na araha wannan watan, ya sake saye wata mai zuwa, ya biya kuɗin gyara, ya biya kuɗin mashin zuwa wurin gyara, ya sha kunya a gaban mai biki, a hana shi cikon kuɗinsa. Araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu bari in zo kan masu gyara, don a nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan 'yar'uwata ɗalibi ne, ya yi ta ƙwadago a gonar albasa lokacin hutu har ya sayi jita ta hannu. Da damina ta fara ƙara. Ya kai wa wani mai gyaran rediyo. Mutumin nan bai canza waya ya gwada ba, bai ɗora mita ba, bai ko leƙa ramin jak ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ƙanena, injinta ya ƙone." Wane inji ne a cikin jita? Ya kwance maganaɗisun, ya sa sukundireba ya tsinke siririyar wayar nan da kaurinta bai fi na gashin kai ba, wadda ba ta ɗoruwa a shago irin nasa. Jita ta shiga da tsatsa, ta fito gawa. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin aiki, ko kunya babu.

Kada ka ɗauka shi kaɗai ne. Zauna a bakin irin waɗannan shaguna ka sha kallo. Wani ya ga tsatsa ya ɗauko samfefa ya goge jak har ya yi fes, mai kaya ya tafi yana murna, bai san an kankare ɗan rufin da ke kare ƙarfen ba, kafin wata ya zagayo tsatsar ta dawo ta fi da. Wani ya ɗiga baƙin mai ko man birki a rami, man ya riƙe ƙura ya zama taɓo. Wani ya wanke da fetur, roba ta narke. Wani ya liƙa waya da ruwan asid irin na masu liƙin gwangwani da radiyeta, liƙin ya kama nan take, asid ɗin kuwa ya zauna yana cin wayar a hankali har ta zama koren gari. Wani ko dalmar ba zai sa ba, ya murɗa waya da yatsa ya naɗe da salatif. Noti ya kwance, maimakon a buɗe a riƙe jak ta ciki sannan a ɗaure, sai a kama da filaya ta waje a yi ta juyawa, jak na juyawa tare da notin, wayoyin ciki na murɗewa har su tsinke. Wani ya tsiyaya sufa gulu a kan notin ya ce ya yi maganinsa har abada, ya kuwa yi, don ranar da jak ɗin ya mutu sai an fasa katako. Wani ya juya wayoyin biyu, ta sauti ta koma ta ƙasa, kana taɓa tsirkiya lasifika ta kama gurnani. Akwai jitocin da ke da ɗan batir mai bolt 9 a ciki, jak ɗinsu ƙafa uku gare shi, ta ukun ita ke kunna batir idan an cusa waya. A cire a sa mai ƙafa biyu, jita ta yi shiru ko batir ya riƙa ƙarewa cikin kwanaki, a ce wa mai ita ai dama ta tsufa.

In amfilifaya ce kuwa, amsa ɗaya ce a bakinsu: "IC ya ƙone, maigida." Saboda me? Saboda in ya ce jak ne, kuɗin shayi za ka ba shi. In ya ce IC ne, ya samu na cefanen mako. Wasu ƙaramin sani ne ya zame musu ƙuƙumi, wasu kuwa sun sani sarai, cuta ce tsagwaronta.

Za su ce ai babu wuta. Na yarda, wuta na wahalar da su, da yawa a garwashi ko risho suke gasa ƙarfen liƙi. Dalmar da aka saba da ita tana narkewa ne a wajen digiri 183 zuwa 190, ƙarfen garwashi kuwa ba ya gaya maka zafinsa. In bai yi zafi sosai ba dalma ta dunƙule a sama, dusu-dusu, ba ta shiga waya ba, girgiza kaɗan ta saki. In ya wuce kima ya ƙona abin da ke raba ƙafafun jak. To amma na ga dattawan masu gyaran rediyo da suka yi zamani da wannan ƙarfen garwashin, liƙinsu sumul yana sheƙi, shekaru na wucewa bai motsa ba. Sun zauna gaban maigida sun koya, sun sha faɗa, sun iya. Na yanzu wata uku a shago ya buɗe nasa, ya rubuta injiniya a allo.

Abin da ya fi ba ni takaici, muna da Aliero fa. Garin da ake ɗauko mai karaya daga nesa, daga jihohi har da ƙasashen maƙwabta, a kawo wa masu ɗori. Ka taɓa ganin mai ɗori na gaske ya ɗauko kara ya hau ɗauri bai shafa ba? Sai ya lallaba, ya tambaya, ya lalubo daidai inda ƙashi ya rabu, sannan ya ja ya daidaita ya ɗaure. Ba ya ɗaure ƙafar dama alhali hagu ce ta karye. Mutanen da suka gaji wannan natsuwar a kan ƙashin ɗan Adam, a ce an rasa mai natsuwar da zai binciki waya biyu kafin ya sa wuƙa?

Su ma masu kayan ba zan ƙyale su ba. An tashi daga biki ƙarfe biyun dare, jita jiƙe da zufa, a jingine ta a bango da waya a cuse, ko a jefa ta bayan a-kori-kura tare da janareta da jarkar mai. Babu jaka, babu tsumman gogewa. Waya kuwa fizgo ta ake yi daga nesa, a naɗe a gwiwar hannu, a taka, a ɗora mata sifika. Ɗakin ajiya na yoyo tun bara. Sai ranar da aka karɓi kuɗin mutane za a tuna da kaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a gaban jama'a yake tsonewa.

Duk wannan asarar kuɗi ce da kunya. Akwai wadda ta fi su, kuma ita ce ba a son magana a kai. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da gangar jikin jak, shi kuma a haɗe yake da ƙarfen jikin amfilifaya. In wuta ta zubo a jikin amfilifaya, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta, to tana nan kwance a kan tsirkiya tana jiran hannu. Dubi yadda muke haɗa wuta a wurin biki: an karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, ko an cusa tsirarar waya an tokare da ashana, janareta na gefe ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba, makaɗi na tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa da silifas, hannu ɗaya kan tsirkiya, baki kan makirufo. Har akwai masu gyaran da in gurnani ya dame su sai su yanke wayar ƙasa da gangan, ƙara ta ragu, su ce sun gyara. Wannan ba gyara ba ne, tarko ne aka ɗana wa ran mutum. A 1972 Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya, gaban 'yan kallo, da ya taɓa makirufon da ba shi da wayar ƙasa. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita. Can ke nan, inda ake bin ƙa'idar haɗa wuta. Mu nan ladan zai ji makirufo na tsikarar leɓensa, ya naɗe shi da hankici ya ci gaba. Tsikarar nan gargaɗi ce. Sai an ɗauki gawa za mu taru muna salati, ihu bayan hari.

Me ya sa ba wanda ya damu? Saboda mun raina mai kiɗa, mun raina mai gyara. Yaro ya rataya jita, a ce ya lalace, a hana shi aure. Amma ranar auren 'yar gidan, shi za a aika a ɗauko, a yi ta liƙi ana ɗaukar bidiyo. Lokacin zaɓe ɗan siyasa ba ya iya tara mutum goma sai da kiɗa da lasifika, a ɗora su a bayan mota daga Jega zuwa Maiyama zuwa ƙauyuka, cikin ƙura da rana, a gama a sallame su da abin da bai kai kuɗin gyaran kayansu ba. Muna son sautin, muna ƙyamar mai yin sa. Alhali ƙetaren iyaka kaɗan, cikin ƙurar da ta fi tamu, jita ta kai mutane duniya. Mdou Moctar na Nijar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau yana zagaya Turai da Amurka. Bombino na Agadas ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy ta 2019. Tinariwen na Mali sun ci ta a 2012. Jak ɗin da ke jikin jitocinsu shi ne wannan dai mai milimita 6.35.

Kuma muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Me zai ci a tara masu gyaran rediyo da waya na ƙananan hukumomin Jega, Maiyama da Aliero, mako ɗaya tak, a koya musu karanta mita, da liƙi mai kyau, da haɗa wayar ƙasa? Masu rabon kayan tallafi da ke son hoto, ga abin rabawa: mita, ƙarfen liƙi mai aiki da batir ko hasken rana, da dalma ta kirki. Ɗaliban lantarki su fito su yi aikin da hannunsu, su ma su ƙaru.

Kafin a yi wannan, in ma za a yi, ga abin da kai da kanka za ka iya. Kayanka sun fara ƙara, fara da canza waya. Ari ta wani ka gwada, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. In ƙarar na nan, cusa wayar ka ɗan motsa ta a bakin rami, in motsin ne ke tayar da ƙara, ka kama ɓarawo. Kashe amfilifaya, zare ta daga wuta. Samo sifirit a kemis da auduga a tsinke, goge cikin ramin da kan wayar, ka cusa ka zare sau da dama, ka bari ya bushe. Ban da yawu, ban da mai, ban da samfefa. In waya na lilo, kwance ɗan farantin da ke riƙe jak, ka danna harshen ciki kaɗan ya dawo da ƙarfinsa. In noti ne ya kwance, riƙe jak ta ciki kafin ka ɗaure, ka tabbata wosha mai haƙora na nan. In ka ga jar tsatsa ta ci ƙarfe, kada ka wahalar da kanka, a canza shi. Ka je kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, kan wayar da ya manne masa caraf baƙin ƙarfe ne a ciki, ajiye musu abinsu. Wurin mai gyara kuma tsaya a kansa. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ya cire, don kowace ta koma mazauninta. Ka ce dalma mai ƙaro a ciki ta aikin lantarki zai sa, ba asid ba. Liƙin ya fito sumul, ka ɗan ja wayar ka ji ta kama. Bayan kowane wasa zare waya, goge jita da busasshen tsumma, sa ta a jaka, ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Lokacin wasa ka zagaya wayar ta bayan maratayi kafin ka cusa, ko an taka ba jak zai ji ba. In kuwa ka taɓa jin wuta ta tsikare ka a tsirkiya ko makirufo, ajiye nan take, ko gwamna ne ke zaune.

Saura kwamitocin masallatai, kuma da su zan rufe don kuɗin da suke taɓawa ba nasu ba ne. Lasifika ta fara yankewa, ba wanda zai ce a duba waya. Sai a miƙe bayan sallar Juma'a a yi sanarwa: amfilifaya ta lalace, ana neman taimakon bayin Allah. A shimfiɗa tabarma. Manomi ya kawo na albasarsa, ɗan acaɓa ya kawo na mansa, tsohuwa ta kwance bakin zane ta aiko da jika. A tafi birni a sayo sabuwa, a dawo a cusa mata tsofaffin wayoyin nan masu tsatsa, kafin azumi ya zagayo ƙara ta dawo. An bar jaki ana dukan taiki. Leƙa ɗakin ajiyar masallatai da yawa ka ga amfilifayoyi jibge, ƙura ta rufe su, wasunsu lafiyarsu lau ban da ramin makirufo. Wani wurin rashin sani ne. Wani wurin kuwa akwai mai cin la'ada a kan kowace sabuwa da aka sayo, shi ya sa ba ya son a ambaci gyara, kuma shi ne mai fi kowa ɗaga murya a kan amana.

Dukiyar masallaci ce, za a tambaye su, mu ma da muka yi shiru za a tambaye mu. Don haka, ɗan'uwa, ranar da aka sake shimfiɗa tabarmar sayen sabuwar amfilifaya a masallacinku, ka miƙe cikin ladabi ka ce a kawo wata waya a gwada, a buɗe jak a duba a gaban jama'a. In sun yarda, ka taimaka da abin da Allah ya hore maka. In sun ƙi, kada ka ba da ko sisi.